Kundin Aikin Naɗar Murya a Laburaren Unguwarmu

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Yau muka yi zama na farko a kan maganar. Mu huɗu ne: Malam mai riƙe da makullin laburaren, da ni, da ƙanwar abokina mai karatun aikin jarida, sai wani yaro ɗan ajin ƙarshe na sakandare wanda ya fi mu duka sanin kan waya. Kada wani ya ji an ce laburare ya hasko irin na Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello. Namu soro ne a cikin birnin Kano, wani bawan Allah ya bar wa unguwa kafin ya rasu. Kanta shida, benci huɗu, fanka ɗaya mai kuka.

Abin da ya tara mu littafin rajista ne. Malam ya buɗe shi ya bi sunayen da yatsa, kusan duk samari ne 'yan makaranta, su ma sai jarrabawa ta matso. Babu matan aure, babu tsofaffi, babu tela ko maƙeri ko ɗaya. Ya rufe littafin ya ce: "Mutanen unguwar nan ba ƙin ilimi suke yi ba. Idonsu ne yake kan aiki. Kunnensu kuwa a buɗe yake tun asuba." Gaskiya ya faɗa. Duk shagon ɗinkin da ka leƙa rediyo na kunne, haka cikin gidaje.

Ni na kawo shawarar podkas. Malam ya tambaya mene ne shi. Ina cikin kame-kame yaron nan ya ce: "Baba Malam, rediyo ne wanda ba ya wuce ka." Na so in ƙara bayani cewa wani ɗan jaridar Ingila, Ben Hammersley, ne ya fara rubuta kalmar a jaridar Guardian a 2004, sai na ga babu wanda yake buƙata. Mun tsayar da cewa za mu riƙa karanta littattafan da ke kan kantarmu da murya, minti 15 kowane mako, mu saki.

Asabar, 19 ga Oktoba

Kayan aiki: wayata, ɗan makirfo na maƙalawa a wuyan riga, iyafis, da tsohuwar kwamfutar cinya da wani ya ba laburaren sadaka. Na sa mata Audacity, manhajar gyaran sauti ce ta kyauta.

Gwajin farko abin dariya ne. Kunnen mutum yana tace hayaniya, makirfo kuwa ba ya zaɓe. Da muka saurara, fanka ta fi ni magana, ga a-daidaita-sahu, ga mai tallan kunun aya, ga wata akuya da ban ma san tana ƙofar ba. Da muka kashe fanka kuma sai muryata ta riƙa amsa-kuwwa kamar ina cikin rijiya, saboda bangon siminti ne. Mun rataya barguna biyu, ya ɗan ragu. Daga baya yaron ya ce in shiga lungun da ke tsakanin kantoci biyu in zauna a ƙasa. Nan muryar ta fito tas. Ashe takarda tana shanye amo. Sutudiyonmu ke nan, tsakanin kantar tarihi da ta lissafi.

Lokaci ma sai an zaɓa: bayan hantsi kafin kiran azahar, ko bayan isha'i.

Lissafin nauyi, tunda data kuɗi ce: sauti ɗanye, wato WAV, yana cin kusan megabait 5 a minti ɗaya. In aka matse shi ya koma MP3 a kan kilobit 64 a daƙiƙa, minti 15 yana tsayawa wajen megabait 7. In aka sauko 32, rabin haka. Na gwada 32 a ƙaramar waya mai madannai, magana tana fita, ba wanda zai ce an rage wani abu. A kan shi za mu tsaya.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Ba a yi komai ba. Tun wajen 21 ga Oktoba yawancin jihohin Arewa suka shiga duhu sama da mako guda, kowa ya sani. Batirin kwamfutar ba ya kai minti 20. Wurin masu caji kuwa layi kamar na mai. Malam ya ce zai yi wa masu hali na unguwa maganar ɗan ƙaramin sola.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Shirinmu na farko ya rushe, kuma gara da ya rushe yanzu.

Ƙanwar tamu ce ta ɗaga maganar haƙƙin mallaka, don sun yi darasin a makaranta. A dokar Najeriya, littafi yana hannun marubucinsa har tsawon rayuwarsa, sannan shekara 70 bayan rasuwarsa. Wato marubucin da ya rasu a 1981, sai bayan 2051 ne kowa zai iya karanta littafinsa ya watsa ba tare da izini ba. Kusan duk littattafan Hausar boko da muke alfahari da su suna cikin wannan shinge. Mallakar kwafi a kan kanta ba ta ba mu ikon mayar da shi sauti mu raba wa duniya. Akwai sassauci saboda makafi: Najeriya ta amince da yarjejeniyar Marrakesh a 2017, kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta shigar da wannan. Amma sassaucin na masu larurar gani ne, ba na zubawa a WhatsApp ba. Masu LibriVox, 'yan sa-kai masu karanta littattafai da murya su saka a intanet kyauta, waɗanda suka fara a Kanada a 2005, shi ya sa ba sa karanta komai sai littafin da wa'adinsa ya ƙare.

Na ji ba daɗi, don har na yi atisayen babi biyu. Malam bai damu ba ko kaɗan. Ya ce: "To ku bar na kan kanta. Akwai littattafan da suke zaune a dakali kullum da yamma, ba wanda ya taɓa buɗe su." Tsofaffin unguwa yake nufi.

Da na koma gida na bincika, ashe hanya ce da manyan laburare suka daɗe a kanta. A Amurka akwai StoryCorps, wanda Dave Isay ya kafa a 2003. Rumfarsu ta farko a tashar jirgin ƙasa ta Grand Central da ke New York take, mutum biyu su shiga su yi hira, a ajiye kwafi a laburaren majalisar dokokin ƙasar. A Ingila, BBC da British Library sun yi irinsa daga 2012, hirar talakawa zalla, ana watsa guntu a rediyo, cikakkiyar kuma laburare ya adana. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne rabon aikin: gidan rediyo ya watsa ya wuce, laburare ya ajiye yadda za a nemo bayan shekara hamsin. Mu ba gidan rediyo ba ne. Ya kamata in riƙa tuna wa kaina wannan.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Hira ta farko. Wani dattijo ne da ya yi rini tun yana yaro a marinar Ƙofar Mata, yanzu ido ya yi rauni, ya bar wa 'ya'ya. Na je masa da tambayoyi 12 a takarda. Ban kai ta uku ba.

Na maƙala masa makirfo, sai ya gyara zama ya shiga wata irin murya ta masu jawabi a taro: godiya ga hukuma, kira ga matasa. Minti goma ban samu komai ba. Can jikansa ya kawo masa shayi, ya manta da abin da ke wuyansa. Na ce: "Baba, yaya ake sanin karofi ya nuna?" Ya yi dariya ya ce: "Ɗan nan, hanci ne malamin. Tun daga bakin marina zan gaya maka wanne ya nuna, wanne ya mutu." Daga nan bai tsaya ba. Yadda ake zuba ruwa da toka da baban rini a karofi, wato ramin rini, a bar su makonni suna ruɓa, yadda ake motsawa, yadda zane yake fitowa kore-kore sai iska ta buge shi ya koma shuɗi a kan idonka. Ya ce katsin da ake kwashewa daga gindin karofi ba a zubar da shi, magina suna haɗa shi da gashin jima da dafara su yi laso, wanda ake shafe soraye da shi don ruwa. Ban taɓa sanin rini da gini suna da dangantaka ba. Ya yi maganar mabuga, da rawani ɗan Kura mai ƙyalli, da Buzayen da suke zuwa saye.

Shekara kuwa ba ya ƙirga ta da lamba. "Shekarar da aka koma tuƙin dama" ita ce 1972. "Shekarar canjin kuɗi" 1973, lokacin da naira ta maye gurbin fam, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya koma kwabo goma maimakon goma sha biyu. Ya ce an daɗe ana rigima da masu kawo rini a kan kwabo biyun nan, kowa yana ganin an cuce shi. Ya jero mini anini, ɗari, kwabo, taro, sisi, nai, sule, fataka, kamar mai karanta fatiha. Yaron namu bai san ko ɗaya ba ban da kwabo da sisi, su ma a karin magana.

Awa ɗaya da minti 40 muka naɗa. Izini da baki ya bayar, a farkon naɗin, don ba ya rubutun boko: na faɗi rana da wuri, na tambaye shi ko ya yarda a ajiye a kuma watsa, ya ce ya yarda.

Asabar, 14 ga Disamba

Yanka awa ɗaya da minti 40 ya koma minti 15 ya ci mini dare huɗu. Ba wahalar manhaja ba ce, zuciya ce take ƙin yankewa.

Mun ɗora shi a Spotify, ta shafinsu na masu podkas, kyauta. Na yi ta murna ina kallon sunan laburarenmu a wurin. Bayan kwana biyar na duba: sauraro 9, kuma na san uku nawa ne.

A ranar da muka ɗora ɗin, yaron ya tura fayil ɗin a zauren WhatsApp na unguwa, ya kuma kai wa mai shagon cajin waya na bakin titi, wanda yake tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi a memori. Jiya da na je aski na tarar da muryar Baba tana tashi daga wata 'yar ƙaramar waya a kan benci, mutum biyar suna gardama a kan ko fataka sule biyu ce. Wanzamin ya ce ta Bluetooth aka ba shi. Ba wata na'ura da za ta ƙirga mini wannan sauraron.

Ba za mu sauke na intanet ba, saboda 'yan unguwa da ke zaune a wasu garuruwa da ƙasashen waje. Amma hanyarmu ta gaskiya memori ce da WhatsApp. Malam ya sayi memori biyar ya sa a gwangwanin alewa, ana aro kamar littafi, a rubuta suna a rajista.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Sashen mata ba nawa ba ne, gidajen "ba shiga" ne. Ƙanwar tamu ce take shiga, abin da zan rubuta nan daga bakinta ne da kuma naɗin da ta kawo.

Ta je wurin wata tsohuwa, ƙawar kakarta, da niyyar ɗauko tatsuniya. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Tsohuwar ta dube ta ta ce: "Ke kishiyata, a gidan wa aka koya miki tatsuniya da rana tsaka?" Ta ƙi fur. Ta koma bayan isha'i, aka tara yaran gidan a tabarma, ga sanyin hunturu, kowa ya dunƙule a zane. A naɗin ana jin tsohuwar ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku", yaran suka yi tsit, ba su san amsar ba, sai wata matar gidan ta amsa daga ɗaki, "Ta zo mu ji ta", aka fashe da dariya. Na so in yanke wurin don ya yi tsabta. Ƙanwar tamu ta hana, kuma ita ce da gaskiya. Wannan shirun na yaran shi ma abin ajiyewa ne.

Sai da aka gama tsohuwar ta tambaya: "To in kun sa a wayar, da rana ma za a riƙa ji?" Aka ce mata e. Ta yi shiru, ta ce: "Alhakin yana wuyan mai kunnawa."

Matan gidan sun aiko da buƙata da ba mu yi tsammani ba. Sun ce tarihi yana da daɗi, amma a riƙa sa musu sanarwa: ranar rigakafi, ranar da ake buɗe rajistar makarantar manya, irin takardun da ake zuwa da su. Mun ƙara minti biyu a ƙarshen kowane shiri. Sharaɗin Malam: ba za a karanta sanarwar da ba a ga takardarta da ido ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Mako mafi muni tun da muka fara.

Shiri na biyar hira ce da wani dattijo da ya yi dako a zamanin dalar gyaɗa. Hira mai kyau: yadda ake ɗora buhu a ka a hau da gudu, waƙar da suke yi, yadda jirgin ƙasa yake kwashewa zuwa Legas. A tsakiya ya ambaci wani gida na unguwar nan, ya faɗi asalin kakansu, kalma ɗaya tak, irin wadda ba a faɗa a bainar jama'a. Ni ban ba ta muhimmanci ba, na ɗauke ta a tarihi. Na bar ta.

Ranar Talata da daddare manyan gidan su uku suka zo wurin Malam. Ba su ɗaga murya ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Babbansu ya ce: "Malam, 'yarmu ake nema da aure. Yanzu maganar nan tana wayar dangin yaron." Malam ya ba da haƙuri, ya kira ni, na durƙusa na ba da nawa. Na sauke shirin daga intanet cikin minti biyu. Amma wanda ya shiga memori da WhatsApp fa? Hanyar da nake yabo a watan Disamba ita ce yau ba ta da linzami. Mun fitar da gyararre, mun roƙi mutane su goge na farko, mai shagon caji ya goge nasa a gabana. Sauran sai dai addu'a.

Dattijon da ya yi maganar ma ransa ya ɓaci, ya ce shi hira yake yi da ni, bai san da gari yake yi ba. Ya ba da izini, e, yana cikin naɗin. Amma izinin mutumin da bai taɓa jin muryarsa ta fita daga wayar wani ba, ban ga ya cika izini ba.

Dokoki uku muka rubuta a bangon littafin rajista. Ba a sakin shiri sai an koma an kunna wa mai maganar gyararren, a gaban wani nasa. Duk inda aka ambaci gida ko mutum da abin da ya shafi asali, bashi, aure ko shari'a, a cire daga na watsawa. Ɗanyen naɗin kuma yana laburare a kulle, ba a ba da shi aro, mai bincike ya zo ya saurara a nan da sanin Malam.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Kuɗin data ya tashi, bayan hukumar sadarwa ta amince wa kamfanoni ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100 a watan jiya. Masu aron memori sun ƙaru, gwangwanin alewa ya koma biyu. Solar ta iso, faranti ɗaya da batir, tana ɗaukar kwamfuta da ƙwai biyu.

An ɗaura auren yarinyar nan jiya bayan Juma'a. Malam ya je. Ni ban iya zuwa ba.

Asabar, 15 ga Maris, 15 ga Ramadan

Azumi ya rage mana gudu, tsofaffi ba sa son doguwar magana da rana, da dare kuma ga tarawihi da tafsiri. Yaron ya bi 'yan tashe dare biyu da waya a hannu. Sautin ya cika da iska da ihu, rabinsa ba ya amfanuwa, amma ya samo wasanni uku cikakku. Tunda yara ne, sai an bi gidajensu an nemi yardar iyaye kafin a saki.

Na yi amfani da sararin na zauna kan aikin da nake ta gudu: kundin ajiya. Fayilolin suna warwatse da sunaye irin "baba sabo 2" da "na ƙarshe gyararre". Wata biyar kacal, ni da na naɗa har na fara ɓata a ciki. Malam ya karɓi aikin da kansa, da biro da rula, yadda yake yi wa littattafai. Kowane naɗi da lambarsa: shekara, wata, rana, sannan lambar jeri. A gabanta wanda ya yi magana, sana'arsa, wurin da aka naɗa, wanda ya naɗa, tsawon minti, ko an kunna masa ya amince. Sai shafi na biyu, wanda ya fi cin rai: abin da aka faɗa a kowane minti biyar. Yanzu in wani ya zo yana neman maganar laso, Malam zai ce masa naɗi na ɗaya, minti na 35.

Na fara rubuta hirarrakin kalma da kalma, minti 15 yana cin awa biyu. Dole a sa ƙ da ɗ da ɓ yadda suke, in ba haka ba mai neman "ƙofa" a kwamfuta ba zai same ta ba in an rubuta "kofa". Muna buga shafi ɗaya daga kowace hira mu liƙa a allon ƙofar soro.

Asabar, 12 ga Afrilu

An yi sallah lafiya. Inda muke: hira 11 a ajiye, shiri 8 a waje, biyu suna jiran a kunna wa masu su. Kwafi uku muke yi wa kowane ɗanyen naɗi: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan ajiya na waje da ke cikin akwatin Malam, ɗaya a gidan ƙanwar tamu, can wata unguwa, saboda gobara ko ɓarawo. Memori ba wurin ajiya ba ne, biyu sun riga sun lalace a hannun masu aro.

Rajistar ta canja fuska kaɗan. Akwai teloli biyu, da mai gyaran babur, da yara mata da iyayensu suke aikowa karɓar memori. Wata daga cikinsu ta tsaya karanta shafin da ke allo, ta shigo ta tambaya ko akwai littafi a kan tarihin ƙofofin Kano. Akwai, guda ɗaya, bangonsa ya cire. Ta tafi da shi.

Ranar Laraba Baba mai rini ya zo da kansa, jikansa na riƙe da sandarsa. Karo na farko da ya taka soron, ko da yake a bayan layinsu yake. Ya ce ya ji shirinsa sau da yawa, kuma akwai kuskure: ya ce toka kwando uku, alhali huɗu ne, kada wani yaro ya bi maganarsa ya kashe karofi. Ya kuma ce bai faɗi komai a kan yadda ake farfaɗo da karofin da ya mutu ba. Malam ya buɗe kundi ya rubuta gyaran a gefen naɗi na ɗaya, da kwanan wata. Mun sa ranar Asabar mai zuwa da hantsi, wannan karon a bakin marinar, don ya ce akwai abin da ba ya faɗuwa sai da muciya a hannu. Sai na nemo soso na ɗaure wa makirfo saboda iska.